Gwaggo, kotu, Kaduna ko DNA: ina ya kamata ka fara neman asalin gidanku?

Mutum ya samu hutun sati biyu da ɗan kuɗin mota a aljihu, yana so ya gano asalin gidansu, waye kakan kakansa, daga ina suka taso, me ya kawo su garin da suke yanzu. Ina zai nufa? Wasu za su ce masa kawai ka tafi Kaduna akwai inda aka tara takardun Turawa, wasu su ce a'a fada zaka je, wani yaro ɗan zamani kuma ya ce duk ku bar wahala akwai gwajin DNA, yawu kawai zaka tofa a kwalba a faɗa maka komai. Ni a ganina wannan zaɓin ba kai zaka yi shi ba, kakanka ya riga ya yi maka shi tun kafin a haifeka. In hukuma ta san kakanka, wato ya riƙe sarauta ko alƙalanci ko limancin gari, ko ya yi aikin En'e ko soja, to takarda ta san shi. In kuwa manomi ne ko maƙeri ko ɗan koli da ya rayu ya koma ga Allah bai taɓa taka ofis ba, takarda bata san shi ba sai ranar da ya shiga rigima ko ranar da aka raba gadonsa, kuma mafi yawancinmu nan muka faɗo.

Dalili kuwa mu ba kamar Ingila bane da coci ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa tun 1538. A Najeriya dokar da ake aiki da ita ta tilasta rajistar haihuwa da mutuwa a ƙasa baki ɗaya ta 1992 ce, a hannun hukumar ƙidaya, kafin nan sai ɗan abinda wasu En'e da asibitoci suka rubuta nan da can. Iyayenmu da yawa takardar rantsuwar shekaru suke da ita, kuma kowa ya san yadda ake yinta, ana kallon lokacin ritaya ne ba lokacin haihuwa ba. Ga kuma matsalar suna, bamu da sunan dangi guda da ke bin zuri'a, ɗa sunan ubansa yake ɗauka jika kuma ya ɗauki na ɗan, waɗanda suka shiga boko da wuri ma sunan garinsu aka liƙa musu, shi yasa kake jin Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kaga kenan in ka je ko ina da "Musa Kano" kawai a hannunka ka je da iska.

To bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, na fara da tsofaffin gida domin su ne kaɗai hanyar da ke rufewa. Fayil ɗin da ke Kaduna in Allah ya yarda baɗi ma yana nan, gwaggonka mai shekara tamanin da biyar kuwa ba wanda ya baka tabbaci. Kuma da gangan nace gwaggo ban ce baffa ba. Maza in ka tambaye su layi ɗaya za su jero maka, wane ɗan wane ɗan wane, shikenan an gama, su wuce zuwa labarin yadda kakansu ya kashe zaki. Mata su ne suka san wa ya auri wa, wace ce uwargida wace ce ta fita ta bar goyo, wane ne aka ba wa riƙo ya tashi a wani gida har ake zaton ɗan can ne, wa da wa suka sha nono ɗaya, su suke zuwa biki da suna da zaman makoki a ƙauyukan da ku yaran birni baku ma san kuna da dangi ba. Kuɗin wannan hanyar goro ne da turare da atamfa ko ɗan abin cefane, sai waya mai caji da zaka ɗauki murya bayan ka nemi izini. Kar ka je da biro da takarda kana jero tambaya kamar ɗan sanda, tsohuwa zata rufe baki. Zauna ka ci tuwo, ka jawo hira ta gefe, "Gwaggo wai Allah ya ji ƙan Malam a wane ɗaki aka haife shi?", daga nan ita zata ja ka. Ka tuna akwai alkunya, wata ba zata taɓa faɗar sunan mijinta ko na surukinta ko ɗan farinta ba, sai ka nemi wata ta faɗa maka a bayan ido, kuma ka rubuta sunan yanka da laƙabi duka biyu, don Ɗanjuma da Tanko da Mai Kano ba su ne sunan da ke cikin takarda ba wani lokacin.

Shekara kuma kar ka tambaya da lissafi, tambaya da abinda ya faru. Zuwan Turawa Kano da Sakkwato 1903 ne, jirgin ƙasa ya iso Kano 1911, yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914, 'Yan Buhu 1927, 'Yar Gusau 1942, zuwan Sarauniya Kaduna 1956, murabus ɗin Sarki Sanusi 1963, kisan Sardauna Janairun 1966, komawa tuƙin hannun dama 1972, canjin kuɗi zuwa naira 1973. In tace "ina goyon babanka aka kashe Sardauna" ka samu shekara da tafi ta takardar rantsuwa inganci nesa ba kusa ba.

Amma fa hanyar baka tana da nata ciwon kuma dole a faɗa. Tana kaiwa kaka huɗu ko biyar lafiya lau, daga nan sai sunaye su fara haɗewa, a tsallake mutum biyu uku da basu yi suna ba a manna ka kai tsaye da wani babban malami. Sannan kusan kowane gida daga Gabas suka zo, ko Barno ko Malle ko Yaman ko Misira, ban ce ƙarya bane duka, wasu gaskiya ne, amma ka gwada da lissafi mai sauƙi, tsakanin uba da ɗa a ƙiyasce shekara 25 zuwa 30 ne. In ance kakanku ya yi jihadi tare da Shehu a 1804 ya kamata ka ƙirga mutum bakwai ko takwas tsakaninka da shi, in huɗu ka samu to an zubar da wasu a hanya. In kuma aka baka salsala mai suna goma sha biyu aka ce ta kai ga wani Sahabi, shekara 1400 na buƙatar suna sama da arba'in. Sai abinda ba a son faɗa, bauta da maguzanci. Bauta bata gama haramta a dokar Arewa ba sai 1936, jiya jiya kenan, rumada da rinji, wato ƙauyukan bayi, sun cika ƙasar Kano da Zazzau da Sakkwato, don haka in kaga hira ta zo wani wuri tsohuwa tayi shiru ta ce "a bar wannan", ka barshi a ranar, amma ka sa alama a ranka.

Akwai abubuwan da ke taimaka wa baki kuma kyauta ne. Tsagar fuskar kakanni, ta Gobirawa daban ta Kabawa daban ta Barebari daban. Su waye taubasanku, in gidanku da Barebari ake wasa akwai ƙanshin Fulani, in da Yarabawa ne a duba Gobir. Sunan unguwa ma shaida ne, a cikin birnin Kano kaɗai ga Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi, Sharifai, kowacce da mutanen da suka kafa ta. In gidan fataken goro ne a tambaya ko Agalawa ne ko Tokarawa ko Kambarin Barebari, wannan kaɗai zai iya juya akalar bincikenka zuwa Gwanja. Kuma kafin ka bar gidan ka roƙa a buɗe maka adakar marigayi ko gafakarsa. Malamai da yawa suna rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a bangon Alƙur'ani ko gefen wani littafi, da ajami ko Larabci da watan Musulunci, ga takardar cinikin gida mai sunan shaidu da mai unguwa, ga rasit ɗin haraji, ga tsohon fasfo na aikin hajji, ga ijaza in gidan ilimi ne. Ɗauki hoto ka mayar inda ka gani, kar ka ce zaka tafi da shi ka dawo da shi, daga nan rigima ke farawa.

Fada da maroƙa kuma fa? In gidanku na sarauta ne wannan hanya ce mai kyau ƙwarai, domin sarauta bata yiwuwa sai da salsala, dole a san wa ya cancanta. A Zazzau gidaje huɗu ne ke sarauta, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, kuma kowane gida ya haddace nasa. A Kano in kace kai Bayole ne ko Bajobe ko Badambaje akwai gidan Madaki da na Makama da na Sarkin Bai da za a iya bin reshenka, kuma yawancin irin waɗannan zuri'o'in yanzu suna da ƙungiya da taron shekara har da littafin zuri'a da suka buga. Maroƙi da makaɗin fada kuwa suna riƙe da sunaye a cikin kirari waɗanda 'yan gidan ma sun manta, sai dai ka sani sana'arsa yabo ce, ba zai ce maka kakanka tuɓe shi aka yi saboda cin kuɗin haraji ba, kuma layin mata baya cikin lissafinsa sai in uwar ma 'yar sarki ce. In kai ba ɗan sarauta bane amfanin fada gareka shi ne mai unguwa da dagaci, su za su nuna maka dattijon da ya san gonakin gari da wanda ya fara sarar kowacce.

Yanzu ga wadda mutane basu cika tunawa da ita ba kuma ni ita nake ɗorawa a kan Kaduna in ana maganar talaka, kotun alƙali. Ka duba yadda rabon gado yake a shari'a, ba a raba tarika sai an lissafo magada kaf, mata nawa ya bari, 'ya'ya maza nawa mata nawa, iyayensa na raye ko sun rasu, wa ke binsa bashi, gona kaza tana iyaka da gonar wane. Wato shafi ɗaya na rabon gado bishiyar iyali ce guda da sunayen mata a ciki, abinda babu wata takardar Bature da zata baka. Kuma an rubuta ne saboda akwai kuɗi a ciki, ana cire ushira a kai baitulmali, shi yasa aka kula da rijistar. Haka shari'ar aure da saki da rigimar gona da takardun fansar bayi. Rijistar majalisar shari'ar Sarkin Kano Abbas ta wajen 1913 zuwa 1914 ta tsira har masana sun yi aiki a kanta, kuma cike take da talakawa da sunayensu da garuruwansu.

Wahalarta ita ce ba wuri ɗaya suke ba. Kotunan alƙalai a ƙarƙashin En'e suke har zuwa 1967 da 1968 da aka karɓe su aka maida su kotunan yanki na jiha, En'e ɗin kanta aka rushe ta a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, daga 2000 kuma jihohi da dama suka koma kotunan shari'a, kowane sauyi an kwashi littattafai daga wannan sito zuwa wancan. Wasu suna kotun garin har yau, wasu suna hedikwatar shari'a ta jiha, wasu an kai hukumar tarihi, wasu gara da ɗigar ruwa sun gama da su. Babu fihirisa ta suna, shekara shekara aka jera su, don haka sai ka san kotun da kusan shekarar rasuwar, kaga inda hirar gwaggo ta zama dole kenan. Tsofaffin da Larabci ne ko ajami da rubutun hannun muhuti, in baka iya ba ka tafi da malamin zaure wanda ya saba da warash, ɗan Islamiyya zalla zai sha wuya. Nan kam zuwa da kai ya fi saƙo, ka gaida rijistara da mutunci ka rubuta takardar neman izini, kuma ka bayyana tun farko cewa tarihi kake nema, don da zarar dangi sun ji kana tonon takardar gado za su ɗauka gona kake shirin karɓewa.

Sai Kaduna. Wurare biyu ne kuma mutane na haɗa su. Akwai Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, ɗaya daga manyan rassa uku tare da Ibadan da Inugu, hukumar da aka kafa a 1954 da ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike. Nan ne fayilolin mulkin Turawa na Arewa suke, na sakatariya ana musu alama da SNP, na larduna kuma KANOPROF, SOKPROF, ZARPROF, KATPROF da sauransu. Abinda zai fi maka amfani shi ne rahoton ƙiyasin haraji da littafin gunduma, inda Di'o ke zagaya ƙasar hakimi ƙauye ƙauye ya rubuta wa ya kafa garin, daga ina suka zo, jerin dagatai da dangantakarsu, mutum nawa ne, maƙera nawa masaƙa nawa marina nawa, shanu nawa aka yi wa jangali. Ga fayilolin naɗi da tuɓe hakimai, ga na ma'aikatan En'e, ga rijistar bayin da aka 'yanta. In kakanka dagaci ne ko hakimi ko alƙali zaka iya samun sunansa har da ra'ayin Razdan a kansa, wani lokacin ra'ayin ba mai daɗin ji ba. In talaka ne zaka samu garinsa da zamaninsa amma shi kansa yana cikin "manoma ɗari uku da goma", ba suna.

Dabarar Kaduna ita ce ka yi tunani da taswirar da, ba ta yanzu ba. Babu Jigawa, Kano zaka duba. Kabi da Zamfara suna cikin Sakkwato, Gombe tana cikin Bauchi. Katsina ma tana ƙarƙashin lardin Kano har 1926, ta koma Zariya, sai 1934 ta zama lardin kanta, don haka Bakatsine sai ya leƙa wuri uku. Ka kuma saki ranka da rubutun Bature, Muhammadu zai iya zama Mamadu ko Momodu, Haɗeja da Katsina kowanne da yadda aka ga damar rubuta shi. Ka tafi da katin shaida da kuɗin rajista da na ɗaukar hoto, ranakun aiki ne kawai, kuma kwana ɗaya baya isa, ranar farko a duba kundin jerin fayiloli take ƙarewa.

Wuri na biyun kuma Gidan Arewa, wanda ke lamba 1 titin Rabah a tsohon gidan Sardauna, cibiyar bincike ce ta Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa 1970, Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara jagorantarta. Shi ya fi ƙarfi a zamanin siyasar farko, takardun gwamnatin Jihar Arewa, rubuce rubucen Larabci da ajami, da tsofaffin jaridu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939 ta fara fitowa kuma ta riƙa buga naɗin sarauta da ta'aziyya da wasiƙun masu karatu da sunan garinsu, in kakanka malamin makaranta ne ko ɗan NEPU ko NPC nan zaka fi jin daɗi. A jihohi ma akwai, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato wadda duk mai alaƙa da gidajen jihadi ya kamata ya fara da ita kafin Kaduna. Ga wata kuma da ba a biyan ko sisi, sashen tarihi na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato. Ɗalibai sun rubuta kundin kammala digiri a kan tarihin garuruwansu tun shekarun 1970, sun yi hira da tsofaffin da aka haifa kafin zuwan Turawa, sunayen waɗanda aka yi hirar da su na ƙarshen kundin. Wani sa'in kakan da kake nema shi ne ma ya bada labarin.

Rijistar shiga makarantar elementare ma tana da sunan yaro da na uba ko mariƙi da shekarar shiga, in makarantar tsohuwa ce a tambayi hedimasta. 'Yan uwa Hausawa Kirista kuwa sun fi mu sa'a a nan, coci irin ta Wusasa da majami'un mishan suna rubuta baftisma da aure, sai su fara da can.

In zuri'arku ta ƙetara iyaka lissafin ya canza. Faransawa sun fi Ingilishi son rubuta mutum ɗaya ɗaya, suna ƙidayar gida gida saboda haraji, suna ajiye bayanin kowane sarkin kanto, wato hakiminsu, da danginsa. Ɗan Maraɗi ko Damagaram ko Ƙonni zai duba ma'adanar ƙasa a Yamai, da sashen rubutun Larabci da ajami na cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni wanda tushensa littattafan da masanin tarihin Nijar Boubou Hama ya tara ne, wasu takardun kuma suna Dakar don can ce hedikwatar mulkin Faransa ta yammacin Afirka, wasu suna Aix-en-Provence a Faransa, kuma sai da Faransanci. Mutanen zango a Gana suna da ma'adanar takardun ƙasar, wato PRAAD, a Ankara da Kumasi da Tamale, amma sarkin zango da limamai sun fi saurin kai ka gida, a tuna kuma yaƙin Salaga na 1892 ya watsa Hausawa zuwa wasu garuruwa, korar baƙi ta 1969 ta maido wasu Najeriya. Masu dangi a Sudan, yawanci ko hanyar hajji ta ƙasa ce ta ajiye su ko hijirar bayan yaƙin Burmi na 1903 wadda ta haifar da garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da yaƙin da ake tun Afrilun 2023 ba maganar zuwa Khartoum duba takarda, WhatsApp da dattawan can shi ne abin yi.

Intanet fa, tunda ita ce bata buƙatar kuɗin mota? FamilySearch kyauta ne kuma shi ne mafi girma a duniya, amma cocin Mormon da ke Utah a Amurka ce ke da shi, kuma dalilinsu na tara sunayen matattu na addininsu ne, suna yi wa magabata baftisma a madadinsu, ya kamata Musulmi ya san wannan kafin ya ɗora sunayen kakanninsa, kowa sai ya yanke wa kansa. Ban da haka ma abinda ke ciki na ƙasar Hausa kaɗan ne. Wanda ya fi amfani shi ne shirin Laburaren Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari, sun ɗauki hoton wani ɓangare na takardun Kaduna sun sa kyauta, zaka iya ganin kalar abin tun kana gida kafin ka sayi tikiti. In kakanka ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth tana da sunayen sojojin da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu har da na rundunar Najeriya, da lambar soja da ranar mutuwa, sai dai nan ma "Garba Sokoto" zaka gani babu sunan uba. Zaurukan zuri'a na Facebook suna haɗa ka da dangi da sauri, amma salsalar da ake yawo da ita a can kowa kwafa yake daga kowa, kar ka ɗauke ta hujja.

DNA na bari ƙarshe don nan ne kuɗi ya fi tafiya kuma amsa ta fi ƙaranci. Gwajin ya kai dala ɗari ko kusa, ban da kuɗin aikawa da dawowa. Iri uku ne, na Y da ke bin uba zuwa uba kuma namiji kaɗai ke yinsa, na mitokondiriya da ke bin uwa zuwa uwa, sai na gaba ɗaya da ke nemo dangi har wajen kaka biyar ko shida. Ba zai baka suna ko ɗaya ba. Zai ce maka kaso kaza Najeriya, kaso kaza Mali ko Senegal ko arewacin Afirka, kuma kason na canzawa duk sanda kamfanin ya sabunta lissafinsa. Na Y zai iya nuna kana cikin reshen R1b-V88 da ya yawaita a masu harsunan yankin tafkin Chadi, abin sha'awa ne amma labarin dubban shekaru ne, ba na kakan kakanka ba. Dangin da zai haɗa ka da su sai waɗanda suka yi gwajin su ma, mutanenmu kuwa basu cika yi ba, don haka galibi baƙaƙen Amurka da na Karebiyan zaka gani waɗanda aka kwashi kakanninsu zamanin cinikin bayi. Ga batun sirri, an yi wa kamfanin gwajin DNA na 23andMe kutse a 2023 aka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 7, a Maris 2025 kuma kamfanin ya shigar da takardar karyewa. Ga wanda ya fi wannan nauyi, gwajin zai iya fito da abinda zai raba zumunci, a shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne, nasaba bata rushewa da sakamakon kwalba, amma zuciyar mutane ba kotu bace. Wanda DNA ta fi yi wa rana shi ne wanda bashi da kowa da zai tambaya, kamar jikan bayin da aka kai Brazil ko Amurka da ke neman ta inda zai fara.

To da sati biyun nan da ɗan kuɗin, in ni ne kai ga yadda zan raba. Satin farko gaba ɗaya na tsofaffi ne, ɓangaren uba da na uwa, kowa a zauna da shi shi kaɗai don in ka haɗa su babba ne zai yi magana sauran su ce haka ne, a buɗe adaka a ɗauki hoto. In abinda ka samo ya nuna sarauta ko aikin En'e ko alƙalanci, sati na biyu fada sannan Kaduna. In gidan malamai ne, gafaka da almajiran gidan, sannan Sakkwato ko Gidan Arewa. In fatake ne bi hanyar da suka bi, nemi lambar dangin Kumasi ko Yamai. In manoma ne ko masu sana'ar hannu manta da Kaduna tukuna, nemi shekarar da kakan ya rasu ka nufi kotun da aka raba gadonsa, in an dace da shafin sai ka dawo wa gwaggo da sunayen ka karanta mata ɗaya ɗaya, zaka ga ta tuno wasu da bata faɗa ba a zaman farko. Duk abinda ka rubuta ka sa wa ya faɗa maka da ranar da ya faɗa, inda baki biyu suka saɓa ka rubuta duka biyun kar ka zaɓi mai daɗin, muryoyin kuma ka tura wa mutum biyu uku a dangi su ajiye don waya na faɗawa ruwa.